Rahoton aikin gyaran layin jira a wifi ɗinmu na Gwallameji

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Daga yau duk abin da na taɓa a natwok ɗin nan zan riƙa rubuta shi da kwanan wata, saboda in abu ya canza in san me ya canza shi, kuma wataƙila ya amfani masu irin sana'ar nan a Yelwa ko Fadaman Mada ko ma Gombe, don na tabbata ba mu kaɗai ke fama ba. Ga yadda muke. Shago ɗaya ne a Gwallameji, cikin garin Bauchi, ni da yayana, muna ba gidajen hayar ɗalibai guda uku wifi da tikiti. Layin da muke saya mega 20 ne (wato megabit 20 a sakan) wajen saukewa, mega 5 wajen ɗorawa, yana zuwa mana ta faranti a kan ƙarfen da muka kafa bayan shago, daga hasumiyar kamfanin da muke biya duk wata.

Matsalar tun da ɗalibai suka dawo bayan ƙaramar Sallah ita ce daga magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare kiran WhatsApp sai ya riƙa yankewa, murya ta riƙa zuwa a makare, shafi ya yi ta juyawa bai buɗe ba, amma in ka yi gwajin gudu a lokacin sai ka ga 18 ko 19. Wannan lambar ita take hana ni magana da kowa. In na kira kamfani su ce oga ai layinka a cike yake zuwa, gwada ka gani, in na gwada kuma gaskiyarsu ne. Yayana shi maganarsa ɗaya ce, a ƙara kuɗi a sayi mega 30. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, don akwai yarinya a gida na biyu da take karatu ta Zoom da dare, kuma Zoom ba ya buƙatar ko mega 3, amma ita ce ta fi kowa kuka. In wanda ke neman kaɗan shi ne bai samu ba, to ba ƙarancin mega ba ne kawai, akwai wani abu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na samo bakin zaren. Na bar ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake turawa a auna lokacin zuwansa da dawowarsa, yana tafiya zuwa wata saba (kwamfutar da ke ajiye shafuka da fayiloli) da ke Legas, da asuba lokacin da kowa ke barci amsa tana dawowa a milisakan 40 da ɗan wani abu, milisakan 1000 ne sakan ɗaya. Sai na ɗauki wayata na fara ɗora bidiyo guda ɗaya tak, ina kallo lambar ta fara hawa, 300, 900, 1500, har ta tsaya sama da 2000 ta zauna a nan har bidiyon ya gama. Ko fakiti ɗaya, wato ƙananan ƙullin da ake yanka bayanai a tura su a intanet, bai ɓace ba. Duk sun isa, amma kowanne sai da ya yi sakan biyu a hanya.

Na zauna na yi lissafi da biro sai abin ya fito fili. Fakiti cikakke bayit 1500 ne, wato bit 12,000. In na'ura tana da rumbun jira da ke ɗaukar fakiti 1000, wanda shi ne adadin da Linux, tsarin da irin waɗannan na'urori da yawa ke aiki da shi, ya daɗe yana sawa in ba a taɓa ba, to bit miliyan 12 ke nan a layi. Raba shi da mega 5 ka samu sakan 2.4. Kusan daidai da abin da na gani da idona. Wato duk ƙaramin fakitin murya da ya zo sai ya tsaya bayan fakiti dubu na bidiyon wani kafin ya wuce, kuma murya in ta makara da sakan biyu ba ta da sauran amfani, manhajar ma zubar da ita take yi ko da ta iso.

Abin da ya fi ɗaure min kai da farko shi ne me ya sa saukewa ma take lalacewa alhali ɓangaren ɗorawa ne ya cika. Amsar tana cikin yadda TCP ke aiki, wato ƙa'idar da waya da saba ke bi wajen tura bayanai da tabbatar da sun isa. Duk abin da kake saukewa, wayarka tana mayar da ƴan ƙananan saƙonni na cewa na samu, ƙaro. Waɗannan saƙonnin ta hanyar ɗorawa suke bi. In suka maƙale a layin sakan biyu, sabar da ke can sai ta zauna jira, ba za ta ƙaro ba, to mega 20 ɗin nan yana nan a buɗe amma babu mai cika shi yadda ya kamata. Mutum ɗaya mai ɗora sitatus, ko wayar da ke tura hotuna Google Photos ba tare da mai ita ma ya sani ba, ya isa ya riƙe gidaje uku.

Ashe abin ma yana da tarihi mai tsawo. A watan Oktoba 1986 layin da ke tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley a Kalifoniya, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga kilobit 32 zuwa bit 40 kacal a sakan, ba don layin ya yanke ba, a cike yake taf, amma da fakitocin da ake ta maimaita turowa. Van Jacobson ne ya fito da gyaran a 1988, kuma gyaran ya dogara ne kan abu ɗaya: in fakiti ya ɓace, mai turowa ya gane hanya ta cika ya rage gudu. To ka ga ɓacewar fakiti ita ce yaren da natwok ke yi wa TCP magana da shi. Da ma'ajiya ta yi arha sai masu ƙera na'urori suka riƙa zuba rumbu babba don kada komai ya ɓace, niyya mai kyau, amma sai ya zama an toshe bakin natwok ɗin, TCP ba ya jin gargaɗi sai bayan layi ya kai sakan biyu. Jim Gettys ne ya yayata matsalar wajen 2010 da sunan bufferbloat, wato kumburin rumbun jira, shi ma a layin gidansa ya fara gani.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau gwaji na yi da gangan don in ga ɗaya gefen. Na saka tsohuwar kwamfuta tsakanin faranti da rauta, na taƙaita gudu, na ce layin jira kada ya wuce fakiti 10. Ping kam ya yi kyau sosai. Amma saukewa ta zama abin tausayi, musamman daga sabobin da ke nesa irin na Turai. Da zarar mutum biyar shida sun fara tare, layin sai ya cika nan take ya riƙa zubar da fakitoci a jere, kowa ya ja baya lokaci guda, layin ya zama wayam, su sake tasowa tare su sake karo. Jadawalin sai hawa da faɗuwa.

Nan ne na fara raba lambobi biyu a rubutuna, kuma ina ganin duk mai wannan sana'a ya kamata ya raba su. Akwai abin da ya ratsa waya, shi rauta ke nunawa. Akwai kuma abin da ya isa hannun kwastoma ya amfane shi. Na farkon ya haɗa da kan fakiti da duk maimaici. Ko a rana mafi kyau, cikin bayit 1500 guda 40 na adireshi ne da bayanin TCP, saura 1460, in an ƙara hatimin lokaci ya koma 1448, ga na Ethernet a kai, shi ya sa layi mai lafiya ma abin da ke zama fayil bai cika wuce kashi 94 zuwa 95 cikin 100 ba. Wannan dole ne, ba a kauce masa. Amma fakitin da aka turo sau biyu, ko muryar da ta iso bayan an gama maganar, sun ci layi, mun biya kuɗinsu, ba su amfani kowa ba. Na auna da fayil ɗaya mai girman da na sani da agogon waya, shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi yanzu.

Dogon layi bai yi ba, gajere ma bai yi ba, kuma babu wata lamba a tsakiya da za ta dace da kowane lokaci tunda wani yana magana da Legas wani da Amurka.

Asabar, 19 ga Afrilu

Babban aikin yau aka yi shi. Na sa OpenWrt, wato Linux na rauta, a kwamfutar nan, na ɗora kunshin SQM mai kula da layin jira, na zaɓi tsarin da ake kira CAKE a cikinsa. Saukewa na sa 18, ɗorawa 4.5.

A nan muka ɗan ja da yaya. Ya leƙo ya ga lambobin ya ce, kai yanzu muna biyan 20 kai kuma da hannunka ka mayar 18, wannan wane irin gyara ne? Na ce Yaya ka ba ni daren yau kawai, in ba ka ga bambanci ba gobe da kaina zan cire. Kuma tambayarsa tana kan hanya, kowa zai yi ta. Dalilin shi ne layin jira kullum yana taruwa ne a wurin da hanya ta fi matsewa. In na bar 20 da 5, matsin yana cikin rediyon faranti ko cikin na'urar kamfani, wurin da ba ni da iko, su kuma rumbunsu na wanda ya riga zuwa ne kawai. In na rage kaɗan, matsin ya dawo cikin akwatina, layin ya taru a inda zan iya yi masa hukunci. Kashi 10 ɗin da na bari shi ne kuɗin wannan ikon, kuma wallahi ya yi arha.

Abin da ke cikin CAKE kashi biyu ne da suka fi muhimmanci. Na farko ya samo asali daga CoDel, wanda Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar a 2012. Shi ba ruwansa da yawan fakitin da ke layi, abin da yake dubawa shi ne tsawon lokacin da kowane fakiti ya yi a tsaye. In jira ya ɗan yi tsalle ya sauko, ba ya taɓawa, don haka intanet take, a dunƙule abubuwa ke zuwa. Amma in mafi ƙarancin jiran ya zauna sama da milisakan 5 har tsawon milisakan 100, ya san wannan layi ne da ya zo zama, sai ya yar da fakiti ɗaya. In bai sauka ba ya sake yar da wani, tazarar tana raguwa a hankali har mai turowa ya ji. Kuma daga gaban layi yake yarwa ba daga baya ba, don labari ya yi saurin isa. Wannan ya burge ni matuƙa. Kafin shi akwai wani tsari mai suna RED na Sally Floyd da Jacobson tun 1993, amma shi sai ka zauna kana daidaita lambobi ga kowane layi, shi ya sa da yawa ba su kunna shi ba.

Na biyu shi ne raba layi. Maimakon layi guda, kowace hira tsakanin waya da saba tana samun nata, a riƙa zagayawa ana ɗiba, kuma wanda bai tara komai ba, irin murya ko tambayar DNS (neman adireshin shafi) ko saƙon na samu, a fara sallamarsa. Yadda na yi wa yaya bayani shi ne bohol ɗin unguwa. Mai kura ya zo da jarkoki goma sha biyu, yaro ya zo da bokiti ɗaya, in aka ce lallai sai mai kura ya gama yaro zai yini, amma in aka bar yaro ya tara tsakanin jarka da jarka, mai kura bai yi asarar komai ba sai ƴan daƙiƙu, ruwan da famfo ya bayar kuma bai ragu ba. Ya ce to ai wannan kowa ya sani. Na ce to na'urar ce ba ta sani ba sai yau.

Wani tsari mai suna fq_codel ne ya fara haɗa waɗannan biyun, yana cikin Linux tun 2012, CAKE kuma ya shiga a siga ta 4.19 a 2018, ya ƙara da taƙaita gudu da rabo tsakanin na'urori duk a wuri ɗaya. Ina cikin karatun nan na ga labarin cewa Dave Täht, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka kan wannan aiki, ya rasu farkon watan nan. Abin ya taɓa ni gaskiya. Mutum ya ƙarar da shekaru yana gyara abu ya bayar kyauta, ga shi yau yana aiki a wani shago a Bauchi da bai taɓa jin sunansa ba.

Sakamakon daren: ana tsakiyar cunkoso, wajen tara da rabi, ping yana yawo tsakanin 45 da 60. Na ɗora bidiyo da gangan bai motsa ba. Da na duba ƙididdigar layin jira da umarnin tc -s qdisc na ga an yar da fakitoci, lambar tana ƙaruwa a hankali, amma in ka kwatanta da jimillar da ta wuce ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Gwajin gudu ya koma nuna 17. Fayil ɗina na gwaji kuma ya sauka da wuri fiye da yadda yake sauka a irin wannan lokacin a da. Lambar da ake nunawa ta ragu, abin da ke isa hannu ya ƙaru. Yaya bai ce komai ba, ya dai kira matarsa ta bidiyo ya daɗe.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ƙaramin gyara. Wani yaro a gida na uku yana amfani da manhajar saukewa da ke buɗe hanyoyi da yawa lokaci guda, in rabon na kowace hira ne to shi ya ci rabon mutum goma sha. Na sa dual-dsthost a saukewa, dual-srchost a ɗorawa, don a fara rabawa tsakanin wayoyi kafin a raba tsakanin hirarrakin kowace waya. Sai da na matsar da NAT ɗin, wato aikin da ke haɗa duk wayoyi a bayan adireshi ɗaya, ya dawo kan akwatin nan na ƙara kalmar nat, in ba haka ba duk gidajen a matsayin mutum ɗaya yake ganinsu. Na kuma kunna ack-filter, mai rage yawan saƙonnin na samu, a ɓangaren ɗorawa tunda mega 5 ɗin ne ya fi ƙunci. Yaron bai ma lura ba, in babu kowa yana samun layin gaba ɗaya, in mutane sun zo ya koma rabonsa. Ni wannan ya fi min tsohon tsarin da ake ɗaure kowa a mega 1 ko da layin zaman banza yake.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwana biyu ban rubuta ba don komai lafiya, sai hadarin daren Lahadi. Iska ce mai ƙarfi da ruwa, har kwanon wasu gidaje ta ɗaga a unguwa. Tun daga ranar koke ya dawo, amma salonsa daban. Kira yana ɗan tsinkewa kaɗan kaɗan, saukewa kuma ta mutu murus ko da tsakar dare, alhali ping bai hau ba ko kaɗan, yana nan 40 da wani abu. CAKE kuma yana nuna layinsa babu kowa, bai yar da komai ba.

Na bar mtr, manhajar da ke nuna a wane mataki na hanya fakiti ke ɓacewa, ya yi ta gudu da asuba, na ga kusan fakiti 2 cikin 100 suna ɓacewa tun daga matakin farko, tsakanin akwatina da faranti, tun ma kafin a bar harabarmu. Na duba ƙididdigar kofar da kebul ɗin ke shiga na ga kurakuran CRC, wato fakitocin da suka iso a lalace, suna ta taruwa.

Ina so in tsaya a nan sosai, don wannan shi ne abin da na fi so masu irin aikinmu su gane. Ɓacewar fakiti iri biyu ce kuma ba su haɗa komai ba. Wadda CAKE ke yi zaɓaɓɓiya ce, a kan wanda ya cika layi take faɗawa, a lokacin da layin ya cika, kuma fakiti ɗaya ya isa. Wadda lalataccen kebul ko rediyo ke yi makauniya ce, tana faɗawa kan murya, kan DNS, kan kowa, ko layi a wofi yake. Shi kuma TCP ba ya bambancewa, duk ɓacewa a wurinsa cunkoso ne, sai ya rage gudu. Tsohon salon TCP mai suna Reno rabi yake yankewa, CUBIC da Linux da Android ke amfani da shi yana rage kashi 30 cikin 100, to in ana yi masa haka a kai a kai yaushe zai tashi?

Akwai lissafin da Matt Mathis da abokan aikinsa suka fitar a 1997 da ke nuna girman abin. A taƙaice gudun hira ɗaya bai wuce girman fakiti a raba da lokacin zuwa da dawowa, a sake rabawa da tushen murabba'in kason ɓacewa, a ninka da wajen 1.22 ba. Na saka lambobi. Saba mai nisan milisakan 150, ɓacewa kashi 1 cikin 100, abin da zai fito bai kai mega 1 ba, wajen kilobit 950. In ɓacewar ta koma 1 cikin 10,000 sai ya zama mega 9.5. In kuma sabar tana kusa, milisakan 30, da kashi 1 ɗin nan dai za ka samu wajen mega 4.7. Lissafin na Reno ne, sababbin salo sun ɗan fi haka juriya, amma siffar abin ba ta canza ba, nisa da ɓacewa in suka haɗu su ke kashe gudu. Mu kuma a nan arewa nisa gadonmu ne, wayoyin ƙarƙashin teku galibi a Legas suke sauka, kafin fakiti ya zo Bauchi ya riga ya yi tafiya, in sabar tana Landan ko Amurka kuma sai a ƙara. Kashi 2 da wani a Turai zai iya jurewa mu nan kisa ne.

Wani abin lura, YouTube bai sha wahala kamar sauran ba a kwanakin nan, har wasu yara suna cewa ai YouTube na yi, sauran ne ba sa yi. Ya yi daidai da abin da aka sani, Google sun fitar da wani salon daidaita gudu mai suna BBR a 2016 suna amfani da shi a YouTube, shi kuma yana auna gudu da jinkiri ne, ba ya firgita da kowace ɓacewa. Shi ya sa in mutum ya ce min zai gwada lafiyar layi da YouTube nake cewa ya nemi wani abin.

Asabar, 17 ga Mayu

An hau ƙarfe. Ruwa ne ya shiga kan kebul ɗin daga sama, fil ɗin har sun fara kore. Mun sayo kebul na waje mai rufi a kasuwar Wunti, aka matse sabon kai, aka naɗe da tef mai hana ruwa, aka bar ɗan lanƙwasa a ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai ga rami. Farantin ma ya ɗan juya, an daidaita an ƙara ɗaure. CRC ya tsaya cak, mtr babu ɓacewa. Ban taɓa saitin CAKE ba ko ɗaya a duk wannan, don ba aikinsa ba ne.

Alhamis, 29 ga Mayu

Sauran matsala guda biyu, kuma duka ban gama da su ba.

Ta farko, wasu dararen tsakanin takwas da goma ping yana sake hawa zuwa 300 ko 400 duk da CAKE na aiki, kuma layinsa ba kowa. Da na auna sai na ga a lokacin abin da ke iso mana daga sama ba ya kai 18, wani sa'in 13 ne ko 14, tunda hasumiyar ba mu kaɗai ke kanta ba. To in na ce wa akwatina 18 alhali hanya 13 take bayarwa, matsin ya koma can, layin ya koma taruwa a inda ba ni da hannu. A yanzu na sa cron, manhajar da ke yin aiki a lokacin da aka tsara mata, yana sauke lambar zuwa 13 daga bakwai da rabi, ya mayar 18 ƙarfe sha ɗaya. Yana aiki amma ba na jin daɗinsa, don daren da layin ke da lafiya muna barin mega 5 a banza. Akwai cake-autorate da aka yi don irin layukan da ƙarfinsu ke hawa da sauka kamar 4G da Starlink, yana auna jinkiri a kai a kai yana matsar da lambar da kansa, shi nake karantawa yanzu. Na kuma ƙara kalmar ingress a ɓangaren saukewa, saboda fakitin da na yar a nan ya riga ya ci hanyar kamfani kafin ya iso, dole a lissafa shi cikin abin da ya wuce, in ba haka ba lokacin da mutane suka yi yawa sai lissafin ya zarce. Na yi magana da injiniyan kamfanin, mutumin kirki ne, na ce Malam don Allah ko za ku duba irin layin jiran da ke kan hasumiyarku, in na wanda ya riga zuwa ne ku gwada fq_codel, ba mu kaɗai za mu amfana ba. Ya ce zai kai maganar gaba.

Ta biyu tana cikin gidajen ne. A gida na biyu akwai ɗakunan can ƙarshe da sigina ke isa da kyar, wayar da ke can tana magana da eriya a gudu mafi ƙasa, ga maimaici a iska, fakiti ɗaya nata yana cin lokacin da na kusa zai tura goma ko fiye. Ba ta cin mega da yawa amma tana cin lokacin iska, kuma akwatina da ke shago ba ya ganin wannan sam, a wurinsa komai lafiya. Linux yana da rabon lokacin iska a wasu direbobin wifi irin su ath9k da mt76, don haka zan duba ko eriyoyinmu za su ɗauki OpenWrt, in ba za su ɗauka ba sai mu ja kebul mu ƙara eriya ɗaya a ƙarshen barandar, wanda ina ganin shi ne ma gyaran gaskiya.

ECN ma ina sa ido a kai, wato a yi wa fakiti alama maimakon a yar da shi, mai turowa ya rage gudu ba tare da an maimaita komai ba. CAKE yana yi da kansa in hirar ta yarda, amma a ƙididdigarmu masu alamar ƴan kaɗan ne in aka kwatanta da waɗanda aka yar, don sai ɓangarorin biyu sun amince tun farkon haɗuwa.

Maganar mega 30 yaya ya ajiye ta zuwa bayan babbar Sallah, kuɗin za su tafi kan eriya da kebul tukuna. Ɗalibai da yawa za su tafi gida mako mai zuwa, layin zai yi sauƙi, lokacin zan saka cake-autorate in bar shi ya yi ta aiki ina kwatanta shi da na cron, dare da dare, da fayil ɗin gwaji da ping zuwa Legas da kuma wata saba a Landan.